Shekarata ta farko ina koyarwa a makarantun firamare na Japan

Assalamu alaikum. Ni 'yar Katsina ce. A can aka haife ni, a Arewa na yi karatuna har na samu digiri a fannin koyar da Turanci, kuma na daɗe ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati kafin aure ya kai ni inda ban taɓa sa wa raina zan taka ba. Maigidana ya samu tallafin karatu na gwamnatin Japan, wanda ake kira MEXT, ya tafi Jami'ar Tsukuba da ke jihar Ibaraki yin digiri na uku a fannin noma. Da ya samu wurin zama sai ya aiko mana da takardu, ni da 'yarmu muka bi shi. 'Yan uwa mata da mazajensu ke shirin tafiya karatu can sun sha tambayata ko mace za ta samu abin yi, kuma yaya aikin yake. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in ba da labarin yadda nawa ya fara, da daɗinsa da ɗacinsa.

Watannin farko zaman gida na yi. Bizar da na shiga da ita ta iyali ce, wadda ko an ba mutum izinin aiki ba zai wuce awa 28 a mako ba. Maigida ya fita ɗakin bincike tun safe, yarinya ta tafi gidan rainon yara, ni kuwa in zauna ina kallon bango. Wanda ya saba da hayaniyar aji ya san irin kewar da nake nufi. Wata 'yar Filifins da muke haɗuwa wajen ɗaukar yara ce ta fara ba ni labarin aikin da take yi: mataimakiyar malamin harshe a makarantun gwamnati, abin da kowa a can yake taƙaitawa da ALT.

Hanyoyin shiga aikin uku ne. Akwai shirin gwamnati mai suna JET, wanda aka fara a 1987, yana ɗauko matasa daga ƙasashen waje, mafi yawansu daga Amurka, Ingila, Kanada da Ostireliya. Shi ya fi tsoka, don a lokacin albashin shekarar farko yen miliyan 3.36 ne. Akwai hukumomin ilimi na garuruwa da ke ɗaukar mutum da kansu, amma guraben ba su da yawa. Sai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke karɓar kwangila daga hukumar ilimi su tura malamai makarantu. Ga wadda ta riga ta shigo ƙasar irina, ƙofa ta uku ce a buɗe.

Ba duk kamfanin da na rubuta wa ne ya amsa ba. Wani ya amsa da fara'a, da ya ga fasfo ɗina na Najeriya ne sai ya ce makarantunsu sun fi son wanda Turanci ne harshen uwarsa. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, domin Turancin nan shi na karanta, shi na koyar shekara da shekaru. Dokar ƙasar kanta ba ta ce sai Bature ba. Abin da ta nema ga mai son bizar koyar da harshe shi ne ya kasance ya yi karatu na shekara 12 ko fiye da wannan harshen. Yayana ne ya yi ta zirga-zirga a Katsina, daga firamaren da na yi zuwa sakandare, yana karɓo mini wasiƙun shaida da hatimi. Duk mai niyyar wannan aiki, ta taho da waɗannan takardu tun daga gida.

Kamfanin da ya kira ni ganawa ya sa na koyar da launuka ga wasu manya uku da suka zauna a matsayin yara 'yan shekara takwas. Da aka gama, aka ce ko ina da tambaya. Na ce ba tambaya ba ce, bayani ne: ina sa hijabi kuma ba na cirewa, ba na cin naman alade, kuma ina buƙatar minti goma da rana in yi salla. Gara a sani tun yanzu. Jami'in ya rubuta komai, ya ce zai tuntuɓi makarantun. Bayan wasu makonni aka kira ni, na je ofishin shige da fice na Mito, babban birnin Ibaraki, na sauya biza. Aka ba ni makarantun firamare uku a wani ƙaramin gari mai gonakin shinkafa ta ko'ina, zan fara a watan Afrilun 2019.

A Japan shekarar karatu a Afrilu take farawa, lokacin da itatuwan sakura suke fure. Ranar farko na isa da wuri. A bakin ƙofa kowa yake cire takalmin waje ya sa na ciki, tun daga shugaban makaranta har ɗan aji ɗaya, kuma na tarar an riga an liƙa sunana a jikin akwatin takalmina. Abokan karatun maigida sun gaya masa cewa sabon ma'aikaci yana zuwa da ɗan abin taɓawa, kuma kowane ɗaya a cikin ledarsa, don haka na riƙo kwalin biskit. Mataimakin shugaban makaranta, wanda kowa ke kira Kyoto-sensei, ya shigar da ni ɗakin malamai. Ɗaki ne babba guda ɗaya, teburan malamai an haɗa su rukuni-rukuni bisa ga aji, shugabanni kuma suna gaba suna fuskantar kowa. Na tsaya na karanto 'yan jimlolin Japananci da na haddace, na rusuna, aka tafa. Aka nuna mini teburina kusa da injin kwafi, da littafin halarta inda zan riƙa buga ɗan hatimina kowace safiya, don a can hatimi ne sa hannu. Daga nan sai babban ɗakin wasanni, yara a jere a ƙasa, aka gabatar da sababbin malamai ɗaya bayan ɗaya. Da na hau dandamali na ji ɗakin ya ɗauki ƙus-ƙus. Da yawansu ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba, balle mai lulluɓi.

Kallon bai dame ni ba, na san za a yi shi. Abin da ya fi ci mini rai a makonnin farko shi ne matsayina. A gida ni ce uwar aji. Ɗalibai sama da 80 a gabana, ni ke kiran suna, ni ke ba da maki, ni iyaye ke nema idan wani abu ya taso. A nan kuwa ba ni da lasisin koyarwa na ƙasar, saboda haka ajin na malamin aji ne, ni mai taya shi ce. Ba na riƙe rajista, ba na shiga taron malamai, ba a tambayata ra'ayi a kan yaro. Wata rana darasi huɗu gare ni, na minti 45 kowanne, sauran lokacin in zauna a tebur ina yanka katunan hoto, malamai na wucewa da sauri, kowa da abin da ya sha masa kai. Ana gaishe ni da ladabi, ana rusuna mini, amma tsakanina da su kamar akwai labule. Sanarwa tana zuwa a rubuce da Japananci, sai in ga kowa ya miƙe ya fita, ni ban san inda aka nufa ba.

Wani dare na kira mahaifiyata ina kuka, na ce mata ni fa na gaji, ba a ɗauke ni malama ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, ke da kika je garin mutane, so kike a miƙa miki sandar gari ranar da kika sauka? Ki duba abin da suke yi da hannunsu, ki sa naki hannun a ciki." Na ce, "To, Inna." Washegari na fara dubawa.

Abin da suke yi da hannunsu shara ce. Bayan abincin rana ana sa kiɗa a lasifika, makaranta gaba ɗaya ta tashi aikin tsafta na kimanin minti 15. Yara ne ke share aji, su goge baranda da tsumma a durƙushe, su wanke bayan gida, kowane rukuni da wurinsa. Malamai ba tsayawa suke suna nuni da yatsa ba, tare ake yi. Na ga shugaban makaranta, dattijo mai furfura, yana tsintar ganye a bakin ƙofa. Ni ba a sa ni a jadawalin ba, domin baƙuwa ce, kuma kwangilata ba ta ce in yi shara ba. Na sayi tsummana, na je barandar 'yan aji biyu na durƙusa a layinsu. Wata yarinya ta dube ni ta dubi tsumman, ta karɓa ta nuna mini yadda ake ninke shi da yadda ake matsewa. Yaran da suke noƙewa a darasi, a wurin sharar nan suka fara yi mini magana. Malamar ajin ta leƙo ta gan ni, ba ta ce komai ba, amma da yamma ta zo teburina ta fassara mini jadawalin mako da kanta, kuma ba ta daina ba har ƙarshen shekara. Na yi imani da a tebur na ci gaba da zama ina jiran a gane darajar digirina, da har na bar makarantar ban san kowa ba.

Abincin rana shi ma darasi ne a wurinsu, ba hutu ba. Asalinsa tun 1889 ne, a garin Tsuruoka na jihar Yamagata, inda aka fara ciyar da 'ya'yan talakawa a wata makaranta, aka kuma yi masa doka a 1954. Yaran da ke kan aiki a wannan makon su sa farar riga da hula da takunkumi, su ɗauko tukwane, su zuba wa 'yan uwansu. Shinkafa ko burodi, miya, kifi ko nama, ganye, da ƙaramin kwalin madara. Ba mai taɓa abinci sai kowa ya samu, an haɗa hannu an ce "itadakimasu", kalmar godiya da ake faɗa kafin cin abinci. Malami a cikin aji yake ci, abin da yara suka ci shi yake ci, shugaban makaranta kuma shi ke fara ɗanɗanawa kafin a kai wa yara.

Ni kuwa alade ya tsaya mini a hanya. Ba a nama kaɗai yake ba, yana cikin romo, yana cikin kayan haɗi, ga kuma giyar girki da suke sa wa miya. Malamar da ke kula da abinci ta ɗauko jadawalin wata ta bi shi da jan alƙalami don ta nuna mini ranakun da zan iya ci, sai muka ga kusan duk takardar ta yi ja. Muka yanke shawara in riƙa zuwa da nawa, in karɓi madara kawai. Haka na riƙa shiga aji da kwanon shinkafa da wake, ko dafa-duka da kazar halal da muke saya a daskare. Yara su kewaye ni suna leƙe. Dokar makaranta ta hana musayar abinci saboda yaran da wasu abinci ke tayar musu da ciwo, don haka ban taɓa ba su sun ɗanɗana ba, kuma wannan ya yi wa Bahaushiya nauyi: yaro na kallon kwanonki, ba ki ce masa bismilla ba.

Salla ba ta zo da wahala ba. A makaranta ɗaya ɗakin ajiyar kayan darasi aka ba ni, a wata ɗakin canza kaya na malamai mata, a ta ukun ɗan ƙaramin ɗakin da ake sanarwa a lasifika. Kyoto-sensei ya tambaye ni ta ina nake fuskanta, ya sa aka janye wani kabad da ya tare wurin. Akwai wurin wanke ƙafa a bakin filin wasa, a nan nake alwala, sai dai ruwan hunturu na Ibaraki ba ya wasa.

Yanzu bari in zo kan ajin kansa, da matar da ta fi kowa tsaya mini a rai. Lokacin da na fara, ana shekarar ƙarshe ta shirin wani babban sauyi. Daga Afrilun 2020 Turanci zai zama cikakken darasi mai maki ga aji biyar da shida, darasi 70 a shekara, 'yan aji uku da huɗu kuma su riƙa yin 35 na wasa da sauraro. Nauyin ya faɗo kan malaman aji, waɗanda da yawansu ba a horar da su koyar da Turanci ba. Malamar aji biyar a babbar makarantata ta haura shekara 50, ƙwararriya ce a lissafi da Japananci, yara na jin maganarta tun kafin ta ɗaga murya. Amma da an buga ƙararrawar Turanci sai ta koma bayan aji ta tsaya, ta bar mini gaba. Da farko na ɗauka ƙyaliya ce. Kuma gaskiya raina ya so hakan, tunda ga aji ya dawo hannuna.

Sai dai darasin ba ya tafiya. In yi tambaya, aji ya yi tsit. Yaron da na nuna ya juya ya yi shawara da na kusa da shi, ya sake juyawa ga na baya, minti guda ya wuce bai ce uffan ba. Ba rashin sani ba ne, tsoron kuskure ne a gaban jama'a. Yaran suna kallon malamarsu, suna ganin ita ma tana gudun abin, to su wa za su bi?

Wata yamma na same ta ita kaɗai tana duba littattafai. Da guntun Japanancina da guntun Turancinta da manhajar fassara a waya muka yi magana. Ta ce, "Sensei (wato malama), ki yi haƙuri. Lafazina ba shi da kyau, ina jin kunyar yara su ji." Na ce mata, "Sensei, ni ma ba da Turanci aka yi mini rawar jego ba. Hausa nake yi da mahaifiyata. A makaranta na koyi Turanci, a bakin malaman da su ma koya suka yi, kuma an sha yi mini dariya a kan yadda nake furta wasu haruffa." Ta ajiye alƙalami ta dube ni. Ashe duk zatonta kowane ALT da Turanci ya buɗe baki. Abin da wancan kamfanin ya ƙi ni saboda shi, shi ne ya zama jarina a ɗakin nan. Na san inda harshen yake tsaya wa mai koyo a maƙogwaro, domin ya tsaya mini. Na san yadda gaba ke faɗuwa idan malami ya nuno ka. Bahaushe da Bajapane ma matsalarsu ta yi kama, duka muna son mu rufe gaɓa da wasali, don haka da yaro ya ƙara wasali a ƙarshen kalma na san daga ina abin ya fito, na kuma san yadda aka raba ni da shi.

Muka yi yarjejeniya. Kowane darasi za mu buɗe shi da 'yar hira tsakaninmu a gaban yara, jimla uku ko huɗu, mu shirya ta a baranda kafin a shiga. Ranar farko muryarta na rawa. Ta yi tuntuɓe a wata kalma, na maimaita mata, ta sake faɗa, ta wuce. Yara suka tafa mata. A ranar hannuwa suka fara tashi. Daga baya muka daina nuna yaro shi kaɗai. Sai su fara gwadawa biyu-biyu, su zagaya aji suna tambayar juna, wanda zai fara kuma a raba gardama da janken, wasan nan na dutse da almakashi da takarda da yaran Japan ke yanke kowace shari'a da shi. Da muka zo babin ƙasashen da mutum ke son zuwa, na kawo hotunan Hasumiyar Gobarau, da hawan salla, da kasuwa. Dawakin da adonsu sun tafi da hankalinsu. Yaran da a watan Afrilu suke tambayata ko zakuna na yawo a ƙofar gidanmu, sai ga su suna haɗa jimla da Turanci cewa suna son zuwa Najeriya su ga dawaki.

Tambayoyin yara ba su ƙarewa. Ba kya jin zafi? Kina da gashi? Da shi kike barci? Wani ɗan aji ɗaya ya kama hannuna ya murza da yatsa ya duba yatsan. Malamarsa ta ruɗe tana ba ni haƙuri, na ce ta bar shi. Na buɗe masa tafin hannuna, na kifa, na ce haka Allah ya yi ni, kamar yadda ya yi shi. Yaro ɗan shekara shida tambaya yake da hannunsa, kuma gara ya samu amsa daga wurina da fuska a sake. Wanda ya fi mini ciwo shi ne na manya a jirgin ƙasa, kujerar kusa da ni ta zauna babu kowa alhali mutane na tsaye.

Azumin shekarar ya kama ranar 6 ga Mayu, daidai ƙarshen dogon hutun kwana goma da aka yi saboda Sarki Akihito ya sauka, ɗansa Naruhito ya hau. Alfijir na ketowa wajen ƙarfe uku na dare, a sha ruwa kusan bakwai saura, kusan awa 16 ke nan. Da na gaya wa Kyoto-sensei cewa ko ruwa ba na sha, hankalinsa ya tashi, domin suna tsoron bugun zafi ƙwarai. Kullum sai ya zo ya tambaye ni ko lafiya. A cikin azumin ne 'yan aji biyar suka je dashen shinkafa a gonar wani dattijo, tunda noman shinkafa na cikin manhajarsu. Aka ce in zauna a inuwa. Na ce kakana manomin fadama ne, na tuɓe takalmi na shiga taɓo tare da su. Da kaka ta yi suka girbe, aka aiko mini da ɗan ƙullin shinkafar a teburina, rabona.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka aljanna nake ba da labari. Yaran Japan yara ne. Akwai aji ɗaya na 'yan aji huɗu da ya gagari malaminsa, yara na yawo ana darasi, wani na kwance a ƙasa. Doka ta hana dukan ɗalibi tun 1947, kuma ba a korar yaro waje haka kawai. Ni da na taso a inda bulala ke rataye a ofis, na tsaya ina kallon yadda malamin nan yake durƙusawa daidai tsayin yaro yana yi masa magana, yau, gobe, jibi, har wata da watanni. Wani lokaci abin ya ci, wani lokaci bai ci ba. Amma na ga yadda ɗora wa yaro nauyi yake gyara shi: wannan ke kula da fitila, wancan ke shayar da shuka, wancan ke jagorantar gaisuwar safe. Ban ƙara yarda cewa sai da bulala aji ke tsayuwa ba. A gefe guda kuma akwai kujerun da kullum babu kowa a kansu, na yaran da suka daina zuwa makaranta gaba ɗaya, ba don talauci ba, sai don zuciyarsu ta kasa ɗaukar matsin. Tsarin da ke son kowa ya zama daidai da kowa yana da nauyi a kan yaron da ya bambanta.

Malaman kuma suna biyan wannan tsari da lafiyarsu. Binciken ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, OECD, na 2018 ya nuna malamin ƙaramar sakandare a Japan yana aikin awa 56 a mako, fiye da na kowace ƙasa da aka auna, na firamare kuma sama da 54. Na gani da idona. Ni ina tashi da yamma bisa kwangila, in tsaya a ƙofa in nemi afuwar riga su tafiya kamar yadda ake yi, su kuwa ko shirin tashi ba su fara ba. Malamar aji biyar takan kai takwas na dare. Na daina jin haushin cewa ba a samun lokacin shirya darasi da ni, na koma rubuta tsarin a takarda ɗaya da hotuna in ajiye mata a tebur.

Namu ɓangaren ma da ƙaya. Albashina ya ɗan haura yen dubu 200 a wata, a watan Agusta da ake dogon hutu kuma a zaftare shi. Idan aka juya shi zuwa naira sai a ga kamar dukiya, amma haya da inshorar lafiya da kuɗin rainon yarinya suna jiransa. Kwangilar ta shekara ɗaya ce, kuma idan hukumar ilimi ta ba wani kamfani aikin a shekara mai zuwa, shi ke nan. Liyafar malamai ta ƙarshen shekara a gidan giya ake yi. Na je sau ɗaya don zumunci, na sha shayi, na taso da wuri, ba kuma wanda ya matsa mini.

Shekarar ba ta ƙare yadda muka tsara ba. Mun shirya 'yan aji shida za su tsaya ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da suke son zama da Turanci, 'yan aji biyar kuma za su yi wasan kasuwa. Ranar Alhamis 27 ga Fabrairun 2020 da yamma, Firaminista Abe Shinzo ya nemi a rufe makarantun ƙasar daga Litinin 2 ga Maris saboda korona. Juma'a ta zama ranar ƙarshe ba tare da kowa ya shirya ba. Yara na ta cusa kayan shekara guda a jaka, malamai na gudu da takardu. A makaranta ɗaya kawai nake a ranar, sauran biyun ban yi sallama da kowa ba. Bikin yaye 'yan aji shida an taƙaita shi, ba a gayyaci irinmu ba. Yaran da na yi shekara ina shara da su suka wuce sakandare ban ce musu Allah ya ba da sa'a ba, kuma har yau abin yana raina.

A ƙarshen Maris, lokacin da ake sauya wa malamai wuraren aiki, kamfani ya kira ni ya ce an sabunta kwangilata, amma wasu makarantun za a tura ni. Na karɓa. Ita ma malamar aji biyar an mayar da ita wata makaranta, aka ba ta aji shida, a shekarar da Turanci ya zama darasi mai maki. Da aka koma karatu sosai a watan Yuni ta aiko mini da saƙo, da Turanci ta rubuta shi. Ta ce ALT ɗinsu sau ɗaya yake zuwa a mako, ɗaya darasin ita kaɗai take yi, kuma tana son in turo mata hotunan hawan salla da na kasuwar Katsina don babin ƙasashe. Na haɗa mata da na rini da na masu kiɗan kalangu, na tura mata a daren.